Bidiyon maltikas yana daskarewa bayan minti huɗu, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Malamin kwamfuta, ƙasar Ringim:
Salamu alaikum. Kwamfuta 40 gare mu a makaranta, ina so in riƙa sakar wa ɗalibai bidiyon darasi lokaci guda. In kowace za ta ja nata daban, bidiyo mai megabit 3 ya zama 120 ke nan, alhali tsohon suwic ɗinmu, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, 100 yake ɗauka. Shi ya sa na koma maltikas: kwafi ɗaya ke fita, suwic ya raba wa waɗanda suka nema. Da manhajar bidiyo ta VLC nake turawa zuwa adireshin 239.1.1.1, yara su buɗe udp://@239.1.1.1:1234. Yana tashi lafiya lau, amma minti huɗu da 'yan kai sai hoto ya ƙame ko'ina. A rufe a buɗe ya dawo, can kuma ya sake. Har na fara zargin inbata.

Mai jan waya, Dambatta:
Malam, ƙyale inbata, ba ruwanta. Sa agogo, za ka samu daƙiƙa 260 ne. Ka riga ka kunna IGMP snooping, saitin da ke sa suwic ya raba bidiyo ga waɗanda suka nema kaɗai, amma ba ka da mai kiran suna. Suwic yana riƙe da rajistar masu kallo kamar ta aji. Dole a sami na'ura ɗaya da ke tambaya duk bayan daƙiƙa 125, wa ke nan? In ba mai tambaya, ba mai amsawa, sai suwic ya ɗauka kowa ya tashi, ya goge sunaye. Nemi querier, wato mai kiran sunan, a saitin suwic ka kunna.

Abin nan ya taɓa kunyata ni a wata cibiyar jarrabawa. Minti biyu na gwada, na ga tas, na karɓi kuɗina na hau babur. Ban kai titi ba mai wurin ya kira ni. Tun daga ranar ba na gwajin da bai kai rabin awa ba.

Ɗan kwamitin masallaci, Birnin Kudu:
Namu ciwon daban ne. Da azumi muka so kai hoton tafsiri ɓangaren mata ta Wi-Fi. Murya na yankewa, fuskar malam ta koma dabbare-dabbare, ga iyayenmu mata suna aiko yara a gyara. Ashe Wi-Fi yakan tura maltikas da mafi ƙarancin gudunsa, wani ma megabit 1, kuma abin da ya zube a hanya ba ya sake aikowa. Ƙarshe waya muka ja, mita 70. Ku sa ta a bututu don Allah, ta farko ɓeraye suka yi sahur da ita.

Ɗalibi, Rano:
Ni kashe snooping ɗin na yi gaba ɗaya, na huta.

Mai jan waya, Dambatta:
Ƙanena, kai ka huta, netwok bai huta ba. Yanzu bidiyon yana kwarara ta kowace kafa, har firinta da akwatin Wi-Fi. Kwamfuta biyar ba za ka ji ba. Ranar da suka yi yawa za ka neme ni.

Ma'aikaciyar asibiti, Kazaure:
Malam, kashe Wi-Fi na laftof ɗin da ke turawa. Nawa ta can ya riƙa fitar da bidiyon, ni kuwa ina ta sauya wayar netwok har wuni guda. In kuma bidiyon zai tsallaka rauta, na'urar da ke haɗa netwok da wani, ƙara TTL, lambar da ke ƙayyade nisan tafiyarsa, domin a 1 ba ya wuce gida, kuma sai rautar ta iya ratsa da maltikas.

Malamin kwamfuta, ƙasar Ringim:
Allah Ya saka da alheri. Na kunna mai kiran sunan, minti 50 ba gargada. Kwamfuta uku na baya da suka ƙi nunawa, katangar tsaron Windows ce ta tare, na buɗe wa VLC. Sai dai jiya da aka ɗauke wuta batir ya ƙare, da safe daskarewar ta dawo sabuwa. Ashe ban adana saitin a suwic ba. Na sake, na adana, na zare fulogi da hannuna na mayar, yana nan daram.