Ina yaran baƙar fata suke a tsofaffin finafinan 'yan daban Ingila?

Abban Hajara:
Assalamu alaikum. Tun da na yi ritaya na koma kallon tsofaffin finafinan Ingila marasa kala, har uwargida ta gaji da yi min tsiya. Jiya na kalli The Blue Lamp na 1950, inda Dirk Bogarde ya fito a matashin da ya harbe ɗan sanda a ƙofar silima. Makon jiya kuma Cosh Boy na 1953, yara masu fizge wa mata jaka. Abin da ya ɗaure min kai, ɓata-garin nan duk farare ne, alhali jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a Ingila tun 1948. Ba su da yara ne, ko kyamara ce ta kauce musu?

Ɗan Silima:
Wa alaikumus salam Baba. Yawancin mutanen jirgin nan magidanta ne da samari masu neman aiki, iyali sai daga baya. Amma Liverpool da Cardiff sun daɗe da baƙi. Ku nemi Violent Playground na 1958, a Liverpool aka yi shi. Akwai 'yan asalin Sin biyu, Michael Chow da Tsai Chin, waɗanda a zahiri ma 'yan'uwa ne na jini. Sai dai ba sa cikin dabar, su ake zalunta.

Anti Bilki:
Ni a ganina ba mutunta baƙo aka yi ba da aka ƙi saka shi a daba. Ɗan daban finafinan nan ɗan gida ne da ya ɓata: yaƙi ya tarwatsa gidansu, uba ba ya nan, ga ɗan sanda ko limamin coci na ƙoƙarin shiryar da shi. Baƙo kuwa ba a lissafa shi cikin 'ya'yan gida ba, balle a damu da tarbiyyarsa. Sai da zauna-gari-banzan da ake kira Teddy Boys suka far wa baƙaƙe a unguwar Notting Hill ta Landan a 1958, sannan darakta Basil Dearden ya fito da Sapphire a 1959. Can ma yarinyar mai suna Sapphire, mai jinin baƙar fata, gawa ce tun farkon fim, ɗan wasa baƙar fata Earl Cameron ne ya fito a yayanta likita.

Abban Hajara:
Ashe Dearden ɗin ne dai ya yi The Blue Lamp. Sapphire zan fara nema, in data ta bari.