Abin da muka tattauna kan agogon zamani a Wuse

Matasan majalisarmu a unguwar Wuse da ke Abuja sun yi ta muhawara kan agogon hannu mai haɗi da waya, ga abin da na tsinta.

Masu yabonsa sun fi magana kan lafiya. Yana ƙirga takun da ka yi a yini, ya auna bugun zuciya, ya nuna yadda barcinka ya kasance. Tun daga 2018, wasu samfuran Apple Watch suna iya gano bugun zuciya marar daidaito. Amma wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ta ja kunne sosai, kuma ina tare da ita: agogo ba likita ba ne. Ta ce masu araha da yawa suna nuna lambar hawan jini alhali ba sa auna shi da gaske, kuma mai hawan jini da ya dogara da su har ya bar shan magani yana wasa da ransa.

Direbobi sun ce yana sauƙaƙa musu ganin mai kira ba tare da taɓa waya ba.

Batun caji ne ya raba jama'a. Apple Watch kusan kullum sai an yi masa caji, ga wutar Abuja yadda take. Wasu na Huawei da Oraimo kan kai kwanaki.

Kafin ka nufi Banex, kasuwar wayoyi da ke Wuse, duba wayarka tukuna, domin Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone. Ka tambayi garanti, ka kuma gwada haɗa shi da wayarka a shagon kafin ka biya.