Dan Allah "citation" da "indice h" me za mu ce musu da Hausa?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. An ba ni tarihin aikin wani gastro-entérologue da zan gabatar a shirin lafiya na rediyo, komai da Faransanci. Sunan aikin ba matsala, likitan ciki da hanji. Publications na ce binciken da aka buga masa a mujallu. Toh citations da indice h fa? Nan na maƙale.

Nas a Marwa: Wa'alaikumus salam. Ƙanina kar ka bar hanta a baya, a nan fannin hépato-gastro ake ce masa kuma masu ciwon hanta wurinsu muke turawa. Likitan ciki da hanta kawai, hanji ai yana cikin ciki.

Na Kusuri: Citation ai yabo ne, ka ce sau kaza masana suka yaba aikinsa, kowa zai gane.

Malamin jami'a, Ngaundere: A'a wallahi yabo ba zai yi ba. Abin da ake ƙirgawa shine sau nawa wani mai bincike ya sa takardarka a cikin madogaran tasa takardar, ko ya yarda da kai ko ya zo ƙaryata ka, na'ura ba ruwanta ɗaya za ta ƙara maka. Misali a wannan fannin ma, Andrew Wakefield likitan ciki ne a Ingila, a 1998 mujallar The Lancet ta buga takardarsa da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara, a 2010 mujallar ta janye ta shi kuma aka hana shi aikin likita, amma an yi ta kawo sunan takardar nan a rubuce-rubuce, da yawa don a nuna ɓarnarta ne. In ka ce yabo ka ga ka yi wa masu sauraro ƙarya kenan.

Na Kusuri: Toh kafa hujja fa malam?

Malamin jami'a, Ngaundere: Ya fi kusa, amma shi ma yana nuna ka dogara da maganar ne. Ya dace da irin su Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya, da suka nuna a 1984 cewa ƙwayar Helicobacter pylori na da hannu a gyambon ciki, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa, suka ci Nobel a 2005, su kam da su ake kafa hujja. Kalmarmu dole ta ɗauke su ta ɗauki Wakefield.

Alaramma, Injamena: Mu a zaure naƙali muke cewa, an naƙalto daga wane. Sai dai naƙali ɗauko maganar ne ita kanta, ku kuma na ji ko suna kawai aka kawo kuna ƙirgawa. Me ya hana ambato?

Nas a Marwa: Allah ya gafarta malam, ambato ya zauna. An ambaci bincikensa sau kaza. Ba yabo ba zagi.

Ɗan Garwa: Madalla. Saura indice h ɗin.

Malamin jami'a, Ngaundere: Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, masanin fiziks a Amurka. In an ce h ɗin mutum 10, yana da takardu 10 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 10, takarda ɗaya ko an ambace ta sau dubu ba za ta kai shi sama da 1 ba. Ni dai ma'aunin ambato zan ce. Amma ka faɗi inda aka ɗauko lambar, a shafukan intanet masu ƙirga ambato Google Scholar yakan ba da sama da na Scopus, kamar koron kasuwa ne kowa da girman nasa.

Na Kusuri: Ma'auni ya yi kama da sikeli, awon ambato ya fi daɗin faɗa a baki.

Nas a Marwa: Awo kuma mata za su zaci awon ciki ne, ga shi dama likitan ciki ake magana 😂 ku bar mana ma'auni.

Ɗan Garwa: Shikenan na ɗauka, likitan ciki da hanta, ambato, ma'aunin ambato. Zan ƙara jimla ɗaya ta bayanin 10 da 10 ɗin nan don ba wanda zai gane lambar ita kaɗai. Malam takardar tarihin aikin ba ta faɗi inda aka samo lambar ba, bari in kira likitan in tambaya kafin a shiga shirin.