Waɗanda aka sake yi wa aikin ƙugu, ku zo ku ba mu labari

Maman Twins:
Salama alaikum jama'a. Shekara 14 ke nan da aka sa mini ƙarfe a ƙugun dama. Kwanan baya, da na miƙe sai ciwo ya soke ni a cinya, in na yi taku goma ya lafa. Hoto ya nuna sandar ƙarfen da ke cikin ƙashin cinyar ta yi sako-sako, likita ya ce sai an canza ta. Gaskiya gabana faɗuwa yake. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mini da bayani.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Irin naki ne ya same ni. Robar da ke tsakanin ƙwallon da ke kan sandar da kofin da yake juyawa a ciki ce ta cinye, ɓurɓushinta kuma ya riƙa cin ƙashin da ke kewaye ba tare da na sani ba. Kada ki ɗauka kamar aikin farko ne. Nawa ya fi daɗewa, sai da aka ƙara mini jini, kuma tsaga ƙashin cinyar suka yi kafin tsohuwar sandar ta fito, suka ɗaure shi da waya. Wata biyu ba a bar ni na dogara da ƙafar sosai ba, sanduna ne abokan tafiyata. Amma ciwon nan na tashi ya tafi, ko kaɗan bai dawo ba.

Yar Baba:
Anti, kafin komai ki tambaye su sun tabbatar babu ƙwayoyin cuta? Mahaifina ma cewa aka yi sassautawa ce kawai. Da aka yi gwajin jini na CRP da ESR, masu nuna alamar kumburi a jiki, aka zuƙo ruwa daga gaɓar da allura, sai ga cuta ta kama ƙarfen. Magani kaɗai ba ya isa, domin ƙwayoyin manne wa ƙarfen suke yi. Aiki biyu aka yi masa: aka cire komai aka sa siminti mai ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi kusan mako shida yana karɓar magani, sannan aka mayar da sabon ƙarfe. Wannan zaman jiran na tsakiya shi ya fi wahalar da mu. Dattijon da ba ya son a taimaka masa ko takalmi ne, sai ga shi sai an kama shi zuwa banɗaki. Ranar da ya yi kuka ban manta ta ba.

Malam Na-Allah:
Ni gocewa ce matsalata, sau uku. Kofin kawai suka canza. Shawarata ɗaya: ki bi masu gashin ƙashi sau da ƙafa. Kujera gajera, harɗe ƙafa, sunkuyo, duk ki bar su har sai sun ba ki izini. Maganin hana daskarewar jini ma kada ki tsallake ko kwana ɗaya.

Maman Twins:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ƴata, ba a zuƙo mini ruwan nan ba, jini kawai aka ɗiba. Ranar Talata zan koma in tambaya. Baban Khalifa, bayan an gama, ƙafar ta yi daidai da ɗayar ko sai da ka ƙara tudun takalmi?