Neman shawara: mu bakwai a mota ɗaya a Hokkaido, tuƙi da abinci ne suka dame ni

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda a watan Yuli za mu je Japan mu bakwai: ni da uwargida, ƙanina da matarsa, yara biyu, sai Hajiya mahaifiyarmu. Kwana takwas za mu yi a tsibirin Hokkaido. Shawarar da muka yanke ita ce mu ɗauki hayar mota daga filin jirgin New Chitose, mu tuƙa da kanmu zuwa Sapporo, Otaru, Furano da Hakodate, muna tsayawa muna ɗanɗana abincinsu. Ban taɓa tuƙi a hannun hagu ba, kuma Hajiya ta ce ita fa ba za ta sa komai a baki ba sai ta san abin da ke ciki. Wanda ya san ƙasar ya taimaka mana.

Wani ɗalibi da ke karatu a Sapporo:
Wa alaikumus salam Yaya. Fara da lasisi. Japan ba ta karɓar lasisin ƙasa da ƙasa sai wanda aka yi bisa yarjejeniyar Geneva ta 1949. Duba bangon naka da idonka tun kana gida, in 1968 ka gani, kamfanin haya ba zai ba ka makulli ba, kuma ba a roƙo a nan. Ka haɗa da lasisinka na gida da fasfo. Ƙaninka ma ya yi nasa, a rubuta sunansa a takardar haya, domin Sapporo zuwa Hakodate kusan kilomita 300 ne. Ku nemi mota mai kujera takwas irin Noah ko Voxy, ku rage akwatuna, in an cika kujeru but ɗin ba ya cin kaya. Yaro ƙasa da shekara 6 dole sai da kujerar yara. Ku karɓi katin ETC na biyan kuɗin babbar hanya.

Wani Alhaji da ya sha zuwa sayen motoci:
Ɗana, hannun hagun ba shi ne matsala ba, mu ma a Najeriya haka muke tuƙi kafin 1972. Wurin juyawa ne ake rikicewa, musamman in titi ba kowa. Ranar farko duk sanda na so kunna sigina sai waifa ta tashi, domin siginar tana dama da sitiyari. Ka sa ƙaninka a gaba yana tuna maka hannu. Alamar tsayawa jan alwatika ce mai kallon ƙasa, ka tsaya cak. Haka ma kafin ka haye layin dogo, ko babu jirgi. Kar ku yi tafiyar dare, barewa na faɗowa kan titi a Hokkaido.

Wata 'yar'uwa da ta zauna can da mijinta:
Ni kan Hajiya zan yi magana, don damuwarta gaskiya ce. Kalma ɗaya ku riƙe, ba za ta ɓace muku ba: a harshensu "buta" alade ke nan. Ramen ɗin miso, wato taliya cikin romo mai kayan ɗanɗano na waken soya, da Sapporo ta yi suna da shi, yawanci romonsa na ƙashin alade ne, ko an cire yankan naman da ke sama bai halatta ba. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne mirin da sake, giyar shinkafa da suke zubawa a miya da romo kamar yadda muke sa magi. Har kifin da aka dafa da ruwan ɗanɗano na waken soya yakan ɗauke su. Ku sa a rubuta muku da Japananci a kati cewa ba kwa cin alade ko abin da aka sa wa giya, ku riƙa miƙawa kafin ku zauna. Suna da gaskiya, in akwai za su faɗa muku.

Amma wallahi kar tsoro ya hana ku cin abin teku. A kasuwar safe ta Hakodate na ga an gasa hotate, wata kumbar teku mai kauri, a cikin ɓawonta da man shanu, na ce a bar min da gishiri kawai. Akwai ƙaguwa da aka dafa a ruwa, da kifi gasasshe da farar shinkafa. Wannan Hajiya za ta ci hankali kwance, ba sai an tilasta mata ɗanyen kifi ba. A Furano kuwa lokacin furen lavender ne, ga masara dafaffiya mai zaƙi, ga kankanarsu mai launin lemo a ciki, ga madara. Ku tafi mata da yajinta da garin kunu, za ta gode muku.

Ɗalibin ya ƙara:
Jingisukan, gashin naman rago da kayan lambu, shi ne abin alfaharinsu, sai dai rago ba ya nufin yankan Musulmi. Ku nemi gidan da ke da shaidar halal, 'yan'uwa a masallacin Sapporo za su nuna muku. Wuraren hutawa na bakin hanya, michi no eki, suna da banɗaki mai tsafta da kayan gona. Ku lura rana na fitowa wajen ƙarfe huɗu a Yuli, asuba da wuri take.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na duba lasisin, sai na sake nema. Na karanta wa Hajiya maganar buta, ta ce a rubuta katin biyu, ɗaya a jakarta. Mun cire kwana ɗaya daga Otaru mun ƙara wa Hakodate. Ƙanina ɗalibi, in ba damuwa zan neme ka kan rubutun katin.