In an ce ɗauki libarba ɗaya tak, wacce za ka ɗauka?

Sani, Houston: Assalamu alaikum jama'a. Zauren nan ya yi shiru tun bayan salla, bari in tayar da ƙura. In an ce ka ɗauki libarba ɗaya tak, kuɗin ba daga aljihunka ba, wacce za ka ɗauka? In kuma aka haɗa ka da maƙerin bindiga na gaske aka ce faɗi abin da kake so a yi mata, me za ka ce? Ni dai kun san ciwona, Colt Python mai bututu inci 6, ta da can, mai baƙin rinin nan da suke kira Royal Blue. Amma da gaske nake tambayar, don na fara tara kuɗi, kuma ba na son abin da zan riƙa gogewa da ƙyalle ina mayarwa akwati.

Kawu Bala, Dallas: Wa alaikumus salam. Sani, kai da Python ɗin nan sai Allah. Ba na kushe ta, kyakkyawa ce. Tun 1955 da ta fito, da hannu ake zama a daidaita kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kunamarta take da santsi. To amma wannan ɗin shi ne wahalarta yau. In silinda, wato abin nan mai ramukan harsasai da ke juyawa, ya fara saɓa wa bututu, masu iya gyaran tsohuwar Colt sun yi ƙaranci, yawancinsu sun tsufa ko sun rasu. An daina yin ta a 2005, aka dawo da ita a 2020 da farin ƙarfe mara tsatsa, aka rage yawan kayan ciki, farashinta a lokacin dala 1,499. In harbi kake so, sayi sabuwar. Tsohuwar ta zama kayan masu tarawa, su ne suka sa kuɗinta ya haukace.

Ni kuwa a ba ni Smith & Wesson Model 19 mai inci 4. Bill Jordan, wani jami'in tsaron iyakar Amurka, shi ya matsa wa kamfanin su sa harsashin .357 Magnum a matsakaicin jikin nan na K, don ɗan sanda ya yini da ita a ƙugu bai gaji ba. Ta fito da sunan Combat Magnum, sai a 1957 aka ba ta lamba 19. Ban taɓa riƙe bindigar da ta zauna a hannu kamarta ba. Maƙeri kuma babu abin da zai yi mata, ya bar min ita yadda take.

Injiniya Lawal, Tulsa: Kawu, Allah ya ja da rai, amma ka ɓoye wa yaron nan rabin labari. Tsohuwar 19 an shafe ƙasan maƙogwaron bututunta don a samu wurin da silinda zai rufe, wurin ya yi siriri. Wanda ya dage yana ɗura mata .357 mai zafi na giren 125 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi), nan take tsagewa. Dalilin da ya sa kamfanin ya fito da jikin L, wanda ya ɗan fi na K girma, ke nan a farkon shekarun 1980, wato 586 da 686.

Kawu Bala, Dallas: Injiniya, wa ya aike ka ka riƙa cin takarda da .357? A filin harbi .38 Special ake sawa, tana shiga ramin .357 lafiya lau, ga araha ga sauƙin shuri. Mai ƙarfin sai jefi-jefi. Haka Jordan ɗin da mutanen zamaninsa suka yi amfani da ita. Sai dai a wanke ramukan silinda bayan an gama, don kwanson .38 ya fi gajarta, yana barin zoben dauɗa, in ka zo sa .357 ta ƙi shiga.

Isuhu Damagaram, Greensboro: Ku yi haƙuri 'yan'uwa, duk kuna ta zagaye a Amurka kamar nan kaɗai ake ƙira. Manurhin MR73. A Mulhouse ta Faransa aka fara yin ta a 1973, ita ce bindigar jandarmomin GIGN, runduna ta musamman ta Faransa. Mutanen nan kullum suna atisaye da cikakken .357, suka nemi wadda za ta jure, aka yi musu. Ƙarfenta tauri gare shi. Nauyin kunama kuma da kanka za ka daidaita shi da sukurori, ba sai ka nemi maƙeri ba. Yanzu Chapuis ke yin ta, su kuma Beretta ta saye su a 2019, shi ya sa ake samunta a nan. Ta haura dala dubu uku, amma Sani ya ce kuɗi ba namu ba ne.

Sani, Houston: Malam Isuhu, a tambaya ne kuɗin ba namu ba, a kanti namu ne.

Isuhu Damagaram, Greensboro: To ai araha ba ta ado. In ka ga ta yi tsada, je ka tambayi kuɗin Korth ta Jamus da Nighthawk ke shigowa da ita, za ka dawo kana gode min.

Hajiya Rabi, Columbus: Sannunku maza. Kowa na ta ambaton suna da shekara, babu wanda ya tambayi Sani girman hannunsa. Ni hannuna ƙarami ne. Akwai bindigogin da ake ta yabo, in na riƙe, ɗan yatsana da ƙyar yake kai wa kunama, sai na karkata ƙotar a tafin hannu, harsashi kuma ya bi gefe. Wannan babu sunan kamfanin da zai gyara shi.

Tawa ita ce jikin K mai bututu inci 3 da ƙota mai zagayayyen gindi, irin Model 13 da FBI suka raba wa jami'ansu a shekarun 1980, ko 'yar'uwarta 65 ta farin ƙarfe. Abin da zan ce wa maƙeri kaɗan ne. Ya goge wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe a ciki har jan kunama ya zama bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Kada ya rage min ƙarfin sifirin don a ce ta yi taushi, don gudumar za ta riƙa bugun harsashi a raunane, ka ja ka ji ƙas babu komai. Ya ɗan shafe bakin ramukan silinda yadda harsasai za su zame ciki. Ya cire gurzan da ke fuskar kunama, don yana cin yatsa in an daɗe ana harbi. Sannan ya sa ɗigon zinare a saitin gaba, idona ya fara gajiya da baƙi a kan baƙi. Shi ke nan.

Kuma Sani, ƙanena, in da gaske kana son iya jan kunama kai tsaye ba tare da ɗana guduma ba, fara da .22. Model 617 tana cin goma, nauyinta ya yi kusa da na manyan, harsashinta kuma ba ya cin aljihu.

Kawu Bala, Dallas: Hajiya ta gama magana.

Injiniya Lawal, Tulsa: Ba ta gama ba Kawu, ni ban faɗi tawa ba. Ku duk masu hankali ne, bari ni in yi haukan. A ba ni Ruger Blackhawk mai ƙotar Bisley, irin wadda sai ka ɗana guduma da babban yatsa kafin kowane harbi. Ƙotar Bisley ta fi miƙewa, shurin manyan harsasai yana komawa cikin tafin hannu maimakon bindigar ta yi ta juyewa sama. A kai ta wurin maƙeri irin Hamilton Bowen na Tennessee. A cire silindan kamfani mai rami shida a ƙera sabo mai rami biyar na .45 Colt, don bango tsakanin ramuka ya yi kauri, tsagar da ke kulle silinda kuma ta faɗo tsakanin ramuka, ba a kan inda ƙarfe ya fi siriri ba. Wannan ita ce dabarar da marigayi John Linebaugh na Wyoming ya bi har ya fitar da .500 Linebaugh a 1986.

Sannan a huda ramukan alhali silindan yana ɗaure a jikin bindigar, kowane rami ta daidai inda bututu zai zauna. Haka Freedom Arms ke yi wa Model 83 ɗinsu, shi ya sa in ka ɗana ta ka girgiza silinda ba ka jin ko motsi. Bututu inci 5 da rabi. Jikin a aika wa Turnbull a New York su gasa shi cikin gawayi da ƙashi, ya fito da launin nan mai gauraye, shuɗi da ruwan ƙasa da toka-toka. A gefe ɗaya a zana min dagi, ƙarami, kada ya fi farcen babban yatsa. Ƙota ta icen madobiya. Kube na jar fatar akuyar Sakkwato.

Awudu Zango, Columbus: Injiniya, dagin ya burge ni wallahi. Amma madobiya ka sake shawara. Ita ce itacen da aka yi ta sarewa a arewacin Gana da Najeriya ana lodawa zuwa Sin, tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ba abin da za ka jefa a jaka ka shigo da shi ta filin jirgi ba ne. Ka nemi kanya, cikinta na da duhu da tauri, ko ka tambayi masu sayar da katako na nan su ba ka mai takarda.

Hajiya Rabi, Columbus: Fatar akuya ma ba za ta yi kube ba, ta yi laushi da yawa. Kube sai fatar saniya mai kauri wadda za ta riƙe siffar bindiga ta kuma rufe kunama. Ta Sakkwaton a yi ado da ita a waje, ko a ɗinka 'yar jakar harsasai. Kuma kada a bar bindiga ta kwana a cikin fata, tana jan laima, rinin zai yi tsatsa. Wurin kwananta akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai daban, balle ku masu yara a gida.

Injiniya Lawal, Tulsa: Na karɓa duka. Amma dagi yana nan daram.

Awudu Zango, Columbus: Ni tawa ba ta gasa ba ce, ta tarihi ce. Webley Mark VI, ta 1915, mai cin .455. A 1887 Webley ta zama libarbar sojan Ingila. Ka danna maɓalli da babban yatsa, ta karye biyu, kwanso shida su yi tsalle waje lokaci guda. Duk mai nema ya duba bayan silinda da kyau. Da yawa da aka shigo da su Amurka an aske su don su ci .45 ACP, shi kuwa na kanti ya fi ƙarfin abin da aka ƙera ta don shi. Ni wadda ba a taɓa ba nake so, ko da rinin ya koɗe.

Mustafa, Ames: Salam iyayena. Ni ɗalibi ne, ina ta karantawa ina haɗiyar yawu. Wacce mai sauƙin kuɗi zan fara da ita?

Kawu Bala, Dallas: Ɗana, in da bizar karatu kake, ba ka fara da kowacce ba tukuna. Dokar tarayya ta hana masu bizar zama na ɗan lokaci mallakar bindiga ko harsashi, sai wasu 'yan keɓantattun halaye, kuma kuskure a nan yana iya cinye maka karatun gaba ɗaya. Ko haya a filin harbi kada ka yi sai ka tambayi lauya. Mu da muke da katin zama ko takardar ɗan ƙasa ma sai mun cike fom 4473 an bincike mu, kuma dila ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba ƙaramar bindiga.

Nura, Kaduna: Mu nan gida sai dai kallo. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattu, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Ku ci gaba, muna jin daɗin hirar.

Sani, Houston: To na ji. Yadda na fahimta, tsakanin sabuwar Python da 686 zan tsaya, 617 kuma ta biyo baya in Allah ya hore. Akwai wata 686 ta hannu a wani kanti kusa da mu, ta kafin 2001, ba ta da ramin makullin nan na gefe. Kawu, me zan duba?

Kawu Bala, Dallas: Da farko ka buɗe silinda ka ga ramukan babu komai, da idonka, ko mai kanti ya rantse. Ka nemi izininsa kafin ka taɓa kunama. Sai ka ja guduma a hankali, a hankali sosai, kana saurare. Dole ka ji ƙarar kullewar silinda kafin guduma ta kai ƙarshe, a kowane rami. In akwai wanda sai ka taimaka masa da yatsa ya faɗa, ta fara saɓawa. Bayan nan ka tura silinda gaba da baya, motsin ya zama da ƙyar ake jin sa. Ka ɗaga ta wajen haske ka dubi ratar da ke tsakanin silinda da bututu, siririn layi ne ya kamata ka gani, bai ɗaya sama da ƙasa. In kana da ma'aunin rata irin na makanikai, wajen 0.004 zuwa 0.008 na inci ake so. Ta wannan ratar wuta ke fita in an harba, don haka yatsanka kada ya taɓa zuwa wurin. Ka dubi kan sukurori, in sun cinye to wani ya shiga ciki da sukudireban gyaran keke. Ka haska tocila a maƙogwaron bututu ka nemi tsaga.

Isuhu Damagaram, Greensboro: Kuma ka tuna ta Colt ja ake yi baya a buɗe silinda, ta Smith turawa gaba. Kada ka je gaban mai kanti kana kokawa da ita ka ba mu kunya.

Hajiya Rabi, Columbus: Ka riƙe su duka biyun kafin ka biya, ka ga wadda gaɓar farko ta yatsanka ke zama a kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Inci nawa ce ta kantin?

Sani, Houston: Inci 4 ce Anti. Gobe in na tashi aiki zan biya, zan turo hoton silindan da na maƙogwaron.

Injiniya Lawal, Tulsa: Ka ɗauki na sukurorin ma. In ta yi, kada ka bari ya ga haƙoranka kafin ku yi ciniki.