Masu zane, wai da gaske zane kaɗai yana iya riƙe mutum?

Mai_Fensir:
Salam 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar zane ku taimaka min da shawara. Shekara shida kenan ina zane da daddare in na taso daga aiki, da fensir da gawayi na fara yanzu na koma fentin akirilik, kuma Alhamdulillah bana na sayar da guda huɗu ta Instagram. To yanzu zuciyata sai raya min take in ajiye aikin ofis ɗin nan kawai in rungumi zane, don wallahi na gaji da riƙe buroshi ina gyangyaɗi. Ku da kuke ciki, yaya yininku yake daga safe zuwa dare? Kuma kuɗin ta ina yake shigowa?

Tsohon_Buroshi:
Wa alaikassalam ƙanena. Ni shekarata 14 a ciki, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne zanen kansa shi ne mafi ƙarancin abin da nake yi a yini. Da safe lokacin da haske yake da kyau nakan samu awa uku, in Allah ya taimaka huɗu, shi kenan. Sauran kuwa ja kanbas (yadin da ake zane a kai) a kan katako ne da buga masa ƙusa, shafa farin fentin share fage a jira ya bushe a sake shafawa, wankin buroshi (wanda ka bari akirilik ya kwana a jikinsa sai dai ka yi masa addu'a), ɗaukar hoton aiki, amsa saƙon mutanen da za su tambayi kuɗi su ce za su dawo, cike fom na neman tallafi da sai bayan wata biyar a turo maka "muna ba da haƙuri", sannan naɗe zane da kwali ka aika kana ta fargabar yadda zai isa.

Maganar kuɗi kuma, galari, wato masu gidan baje kolin zane da sayarwa, yawanci rabi suke ɗauka a matsayin la'ada, kuma kai ne ka sayi fenti da kanbas, wani lokacin har firam. Kuma ba ranar da aka saya ake biyanka ba. Akwai wani galari da na ba su aiki uku ba tare da mun rubuta komai ba, kunya ta hana ni tambayar takarda, wata takwas suna hannunsu, da suka dawo min da su ɗaya kusurwarsa ta lotsa fentin ya tsage kamar busasshen tabo, na yi magana aka ce ai haka na kawo shi. Me zan ce? Tun daga ranar ko allura zan bari a wurin wani sai an sa hannu: sunan aiki, girmansa, farashi, kason kowa, da ranar dawowa.

Yar_Kala:
Malam Tsohon_Buroshi ya gama magana. Ni dai ƙarin da zan yi, kar ka ɗauka riƙe wani aiki gazawa ce. Dubi El Anatsui, ɗan Ghana, a 1975 ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka, shekara talatin da wani abu yana shiga aji yana karɓar albashi, a gefe yana sassaƙa da gwaje-gwajensa har ya kai ga waɗannan manyan ayyukan na murafen kwalba da ake ɗinkewa da wayar tagulla. Sai 2015 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare a babban bikin baje kolin fasaha na Venice, lokacin ya haura 70. Ni ma koyarwa nake yi kwana uku a sati, ita ke biyan hayar situdiyo, shi ya sa in kwastoma ya ce in canza kalar sama ta dace da labulen falonsa zan iya cewa a'a. Da ba ni da albashi ai da na canza, har in tambaye shi ko da ƙari.

Kuma in aikin oda ne, karɓi kafin alƙalami kafin ka taɓa kanbas. Rabi. Wanda ya ƙi bayarwa dama ba zai zo ɗauka ba.

Dan_Situdiyo:
Ni fa ban yarda da ku duka ba. Wanda yake zane a gajiye aikinsa a gajiye yake fitowa, ana gani. Ni sai da na bar aiki hannuna ya buɗe, don akwai abin da ba ya zuwa sai ka zauna gaban zane awa biyu ba ka taɓa shi ba kana kallo kawai. Kuma kasuwa ta buɗe yanzu, ga kasuwannin baje kolin zane irin su 1-54 da aka fara a Landan a 2013, ga Art X Lagos tun 2016, ba ku ga zanen Tutu na mai zanen Najeriya Ben Enwonwu ba, sama da fam miliyan 1 a gwanjo a 2018?

Tsohon_Buroshi:
Dan_Situdiyo maganar zama gaban zane gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma misalinka ya kashe ka, Enwonwu ai ya rasu tun 1994, kuɗin gwanjo na wanda ya mallaki zanen ne da masu gwanjon. A Faransa tun 1920 suka yi dokar da ke ba mai zane ko magadansa ɗan kaso in an sake sayar da aikinsa, Ingila sai 2006, kuma kason ɗan kaɗan ne, ƙasashe da yawa ma babu. Sannan waɗancan kasuwannin galari ne ke kama rumfa ya kai ka, ba kai za ka ɗauki zanenka ka shiga ba.

Mai_Fensir, guda huɗun nan da ka sayar, nawa ne baƙi suka saya, nawa 'yan uwa da abokai?

Mai_Fensir:
Hmm Yaya ka kama ni. Biyu abokan aikina ne, ɗaya mijin yayata. Ɗaya ce kawai ban san ta ba, ita ma har yanzu da sauran ciko a wurinta. Bari in fara tambayar oga ko zai bar min Juma'a tukuna.